LANSIR: SHUKAR HUNTURU DA BA A BARI TA YI FURE

Duk wanda ya ratsa kasuwar birnin Zariya da sassafe cikin watan Disamba, tun hazo bai gama ɗagawa daga kan rimaye ba, ba zai rasa ganin masu kayan lambu sun baje hajarsu, kowa ya dunƙule cikin mayafi saboda ɗari. A cikin kayan nan, ban da tumatir da albasa da latas da karas, akwai wani ɗanyen ganye mai yanka-yanka wanda ake ƙullawa ɗauri-ɗauri, mai shi yana yayyafa masa ruwa a kai a kai don kada iska ta yanƙwanar da shi. Wannan shi ne lansir. Da wuya a sami ɗan birni, ko ɗan Tudun Wada, ko ma ɗan makarantar da ya zo karatu Kongo ko Samaru daga wani gari, wanda bai san ɗanɗanonsa ba, ko dai a cikin kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko kuwa a bisa wake da shinkafa da mai da yaji.

Amma da za a tsai da masu sayen nan a tambaye su yadda furen lansir yake, fari ne ko ja, babba ne ko ƙarami, akasarinsu sai dai su yi shiru. Ba laifinsu ba ne. Lansir shuka ce mai fure kamar kowace, sai dai ana yanke ta tun tana 'yar mako uku ko huɗu, ba a bari ta kai. Daga masu lambun da ke ware wani gefe domin iri, sai masu sayar da magungunan gargajiya waɗanda suka san jajayen ƙwayoyinta da sunan algarif, su ne kaɗai suka san ƙarshen labarinta.

ASALINSA

Masana ilmin tsirrai suna kiran lansir Lepidium sativum, sunan da Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya raɗa masa cikin 1753. Kalmar farko daga Helenanci take, tana nufin ɗan ɓawon jikin kifi, saboda kwanson 'ya'yansa faffaɗa ne siriri kamar wannan ɓawo. Ta biyun kuwa Latinanci ce, ma'anarta abin da ake shukawa. Danginsu ɗaya da kabeji da mastad, kuma a cikin dangin nan ne ake samun waɗansu furannin ƙawa da Turawa ke ji da su, kamar alisam da kanditaf, waɗanda ake sayar da irinsu cikin 'yan takardu masu hoto. Watau ma'aikacin da ya kashe kuɗi ya sayo takardar irin fure daga kanti domin ƙofar gidansa, mai yiwuwa ɗan'uwan lansir ya sayo bai sani ba.

An daɗe ana noma shi a ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Masar da Habasha. Zenofon, marubucin Girka wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin cewa yaran Farisa sukan tafi makaranta da gurasa da wannan ganye a matsayin mahaɗi. Larabawa suna kiran ƙwayarsa habbur rashad. Mutanen Habasha suna ce mata feto, suna kuma cinta da safiyar sabuwar shekararsu cikin watan Satumba. A Indiya sunanta halim, ana dama ta da madara ko a yi alewa da ita domin masu jego. A Ingila kuwa yara 'yan firamare ne ke tsirar da ita a kan jiƙaƙƙiyar auduga, a yanke tsiron bayan 'yan kwanaki a sa cikin burodi.

Ana kyautata zaton ta hanyar Sahara ya iso ƙasar Hausa, tare da fatake da alhazai. Sunan algarif kansa yana da kamar Larabci, irin na alkama da albasa, waɗanda su ma baƙi ne daga arewa, su ma kuma ba su yin kyau sai da sanyi. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa da tsirran Hausa ya buga cikin 1916, ya tarar da shi a lambunan ƙasar nan, ya rubuta shi da sunan labsur ko lafsur, ya kuma ambaci algarif. Ashe dai ba Bature ne ya kawo shi ba, tarar da shi ya yi.

KWANA ƊARI NA SANYI

Abin da ya sa lansir ke karɓar Zariya ba ɓoyayye ba ne. Garin yana kan tudu mai tsayin wajen mita 670 daga teku, ruwan sama kuma, wanda yawansa ya ɗan haura milimita 1,000 a shekara, yakan ɗauke cikin Oktoba. Daga tsakiyar Nuwamba iskar hunturu takan kankama, sanyin dare ya sauko zuwa digiri 13 ko 15 a ma'aunin santigireti cikin Disamba da Janairu, wani dare ma ya yi ƙasa da haka, da rana kuwa zafi ya tsaya wajen digiri 30, hazo yana tare kaifin rana. Lansir ya fi son abin da ke tsakanin digiri 15 da 25. Safiya da maraice da daren hunturu duk sun faɗa cikin wannan iyaka, tsakar rana ce kaɗai ke ɗan matsa masa.

Sai dai ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu kwana ɗari ne da 'yan kai. Da Maris ya kama, zafi ya haura digiri 35, lansir yakan daina yin ganye, ya miƙa kara da gaggawa ya fid da kai, ganyen da ya rage kuma ya yi kauri da ɗaci. Dalili kuwa shi ne, shukar shekara ɗaya ce, ba ta da saiwa mai ajiya ko kututture da za ta koma ciki ta jira wata shekara. In ta ji alamar wahala, ko ta zafi ko ta ƙishirwa, sai ta tattara ƙarfinta duka ta zuba a kan 'ya'ya kafin ta mutu.

A nan ne 'yan boko suka fi yin kuskure. Wanda ya tashi da sanin cewa shuka sai da damina, da ya ga ruwa ya zauna cikin Yuni sai ya ɗauko iri ya watsa a bayan gida. Irin zai tsiro, gama lansir ba ya ƙin tsirowa, amma ruwan sama mai ƙarfi yakan kwantar da 'yan tsiron cikin laka, ɗumi da laima su ruɓar da gindinsu, abin da ya tsira kuwa ƙwari su gama da shi. Wani kuma garaje yake yi, da ruwa ya ɗauke cikin Oktoba sai ya shuka, ya manta da agazari, zafin nan mai nauyi da ke shiga tsakanin damina da ɗari. Tsofaffin masu lambu ba su duba kalanda. Sukan jira sai leɓe ya fara tsagewa, ruwan randa ya yi sanyin da ba a son alwalar asuba da shi, sa'an nan su fid da iri.

CIKIN GANUWA

Ganuwar Zariya, wadda kewayenta ya kusa mil 10, ba gidaje kaɗai aka gina ta ta kewaye ba. Magabata sun haɗa da gonaki da fadamu da kududdufai da rafi, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe kada yunwa ta ci mutane. Kyaftin Clapperton, wanda ya bi ta Zariya cikin 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, ya lura da gonaki da fadamu da dogayen itatuwa a cikin birnin. Har wa yau sunayen wurare kamar Fadamar Sarki da Fadamar Bono suna ba da shaida. A irin waɗannan wurare, da kuma bakin rafin Kamaca, mai lambu yakan kafa jigo, ya yi ta ɗaga ruwa da guga yana juyewa cikin 'yar magudana, ruwan yana bi fangali-fangali.

Yau galibin filayen nan sun zama gidajen bulo da siminti. Lambuna sun koma bayan ganuwa, bakin Kubanni da Saye da Galma, jigo kuma ya ba da wuri ga injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda ya yaɗu tun shekarun 1980, ya ƙara bunƙasa da shirin Fadama na farkon shekarun 1990. Inji ya sauƙaƙa wahala, ya faɗaɗa noman rani, wannan ba mai musu. Amma inji ba ya tambayar inda ruwa ya fito. Da rani, sa'ad da rafukan da ke ratsa gari suka ja baya, wani kaso mai yawa na abin da ke gudana cikinsu daga kwatoci yake, watau ruwan wanka da wanki da abin da ya fi wannan muni.

Ga masara ko kuɓewa abin da sauƙi, tun da sai an dafa. Lansir kuwa ɗanye ake cinsa, ga shi gajere, ganyensa yana shafar ƙasa, yanka-yankansa kuma suna riƙe laka. Ƙwayoyin cutar taifot da kwalara da atuni, da ƙwan tsutsar ciki, duk suna iya maƙalewa a jikinsa su bi shi har cikin kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idodin da ta fitar cikin 2006 game da ban-ruwa da gurɓataccen ruwa, ba ta ce a kori masu lambu ba, gama ta san abincinsu ke nan. Shawarar da ta bayar ita ce a yi shinge da yawa: a zuba ruwa a gindi maimakon a kan ganye, a tsai da irin wannan ban-ruwa 'yan kwanaki kafin yanka domin rana ta kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan a wanke da ruwa mai tsabta a kasuwa da kuma a gida. Ta biyun ce mai wuyar bi ga lansir, domin kwana biyu ba ruwa cikin iskar hunturu ya isa ya kwantar da shi, mai lambu kuwa ba zai so ya kai yanƙwanannen kaya kasuwa ba.

Saboda haka uwargida ta wanke shi sau uku, ta jiƙa cikin ruwan gishiri ko ruwan da aka ɗiga wa binega, ta sake ɗaurayewa. Wannan yana rage haɗari ƙwarai, ko da yake ba ya kawar da shi ƙaf. Abin da ke kawar da shi shi ne mutum ya san ruwan da lansir ɗinsa ya sha, hanyar sanin haka kuwa ɗaya ce.

FANGALI A TSAKAR GIDA

Lansir ba ya bukatar gona. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu, wanda waɗansu ke kira kwami, ya ishi gida mai matsakaicin iyali. Gidajen cikin birni ma suna da wata falala da gidajen ma'aikata na bariki ba su da ita, watau doguwar katanga, wadda ke tare iskar da ke bugowa daga arewa maso gabas tana busar da ƙasa. A zaɓi gefen da rana ke samu daga safe zuwa azahar, inuwar katanga kuma ta rufe shi da la'asar. Inda aka shafe tsakar gida da siminti, tsohon baho ko rabin jarka ko buhun da aka naɗe bakinsa duk suna yi, muddin an huda gindi, ƙasar ciki kuma ta kai zurfin taƙi guda. Ɗan makaranta ma yana iya ajiye nasa a bakin taga.

A kafce ƙasa, a farfasa hoge, a tsince duwatsu, a cuɗa ta da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, kamar bokiti ɗaya ga fangalin da aka ambata. Ruɓaɓɓe aka ce. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana jawo gara, yana kuma ɗauke da irin cututtukan da ake gudu. Haka nan a guji ƙasar juji. A da, sa'ad da juji toka ne da kashin dabbobi da shara, taki ne na kirki wanda manoman karkara kan zo da jakuna su kwasa. Jujin yau kuwa cike yake da leda da matattun batura da fasassun kwalabe, ganyaye irin su lansir kuma suna zuƙar dalma da makamantanta daga ƙasa. Takin zamani ba lalle ba ne ga shukar da ba ta wuce wata guda.

Bayan an daidaita fuskar fangali an ɗaga masa 'yar kunya kewaye don riƙe ruwa, sai a jiƙa shi sosai a bar shi ya kwana. Ƙwayar lansir ƙarama ce, giram ɗaya yana ɗauke da wajen 400, saboda haka cokalin shayi ɗaya ko biyu ya wadatar. A gauraya ta da busasshen rairayi ninki uku ko huɗu don ta watsu daidai, a yafa, ko kuwa a ja layi da tsinke, tsakanin layi da layi yatsa huɗu, a zuba a ciki. Layi ya fi, domin yana sauƙaƙa cire ciyawa da zuba ruwa a gindi. A rufe da lallausar ƙasa sama-sama, kada ta wuce rabin santimita, a danna da tafin hannu. Ba a dasa lansir kamar yadda ake dasa tumatir ko albasa. Saiwarsa guda ce siririya, in an tumɓuke ta ba ta komawa daidai, inda aka shuka shi nan zai ƙare.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata kowane ɗan makaranta ya gani da idonsa. In aka zuba ƙwayar lansir cikin ruwa, kafin minti kaɗan sai kowace ta lulluɓe kanta da wani farin yauƙi mai kama da ƙwan kwaɗo. Ɓawonta ne ke tsotsar ruwa ya kumbura. Wannan yauƙi shi ke manne ta da ƙasa don kada iska ta kwashe, shi ne kuma guzurin ruwanta har ta tsiro. Darasin da ke ciki ga mai shuka shi ne kada ya jiƙa irin kafin shuka kamar yadda akan yi wa waɗansu, in ya jiƙa zai dunƙule ya zama kunu, ba ya watsuwa.

Cikin kwana biyu zuwa huɗu fangali zai yi kore. Makon farko shi ne na tsaro. Ƙadangare yana son ɗanyen tsiro, kaji sukan tone, tsuntsaye su tsince, akuya kuwa in ta sami ƙofa ba ta barin ko na shaida. A kewaye da zana ko karan dawa, a yafa tsohon gidan sauro a sama bisa 'yan sanduna. A wannan mako ruwa sai da lallaɓawa, safe da yamma, da gwangwanin da aka huda gindinsa da ƙusa, don kada ƙarfin ruwa ya tone iri.

Zancen ruwa shi ne zancen Zariya. Ko da yake an buɗe sabuwar matatar ruwa ta Shika cikin 2017, gidaje da dama a cikin birni da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa suke taƙama, ba kuwa wanda zai so ya zubar da abin da ya saya. To, lissafin ba shi da ban tsoro. Cikin hunturu kowane murabba'in mita na lambu yana shan lita 5 zuwa 6 a yini, watau fangalin nan na mita biyu bai wuce lita 12 ba, jarka ɗaya ta kwana biyu ke nan. Ruwan da aka wanke shinkafa ko gero da shi yana da kyau. Ruwan sabulu ba ya yi. Ruwan alwala kuwa a tara shi domin gefen da aka bari ya yi fure, a zuba a gindi, kada a kai shi ga ganyen da za a ci ɗanye. Ƙa'idar ita ce ƙasa ta zauna da laima kullum amma kada ruwa ya kwanta. Ƙishirwar yini biyu takan sa shukar ta fid da kai tun ba ta isa ba, yawan ruwa kuma yakan ruɓar da wuyan tsiro a wayi gari ya faɗi falle-falle.

Bayan kwana goma a rage cunkoso, a bar kamar yatsa biyu tsakanin tsiro da tsiro, abin da aka cire kuwa a wanke a ci. Daga mako na uku, sa'ad da tsayinsa ya kusa taƙi, ya isa yanka. Maimakon a tuge shi da saiwa, a sa wuƙa mai kaifi ko almakashi a yanke, a bar kamar yatsa biyu ko uku daga ƙasa, zai sake tohowa sau ɗaya ko biyu, ko da yake kowane toho ya fi na bayansa yaji. Dabarar da ta fi ita ce a raba fangali uku, a shuka kashi ɗaya yau, na biyu bayan kwana goma, na uku bayan wani goman, wanda aka gama yankewa a kafce a sake. Ta haka gida ba zai rabu da ɗanyen ganye ba daga farkon Disamba har zafi ya shigo.

In kwarkwatar ganye ta bayyana a ƙarƙashin ganye, ko 'yan ƙwarin nan masu tsalle suka fara huda shi kamar rariya, a barbaɗa lallausar toka da asuba, ko a jiƙa dakakken ganyen dogon yaro ya kwana a tace a yayyafa. Maganin feshi na kanti kam a bar shi inda yake. Yawancinsu suna bukatar a jira kwanaki masu yawa kafin a ci abin da aka fesa wa, lansir kuwa duka-duka rayuwarsa a fangali ba ta kai a yi wannan jira ba.

FUREN

Wanda ya yi haƙuri ya bar kusurwa guda bai yanka ba, zai ga abin da kasuwa ba ta nunawa. Wajen mako na shida kara yakan miƙe daga tsakiya, ya kai tsayin gwiwa ko ya ɗara, ya yi rassa. Ganyen sama ba shi da yanka-yanka irin na ƙasa, siriri ne miƙaƙƙe. A kan kowane reshe sai tarin 'yan furanni su buɗe, farare, wani lokaci da ɗan jirwayen ja-ja, kowane bai fi ƙwayar gero ba. In an kawo shi kusa da ido za a ga kunnuwa huɗu sun yi gicciye, da zarurruka shida masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye biyu gajeru. Wannan ita ce alamar dangin kabeji duka, malamin makaranta kuwa ba zai sami misalin da ya fi wannan araha ba.

Fure ɗaya ba abin kallo ba ne, amma kusurwa guda ta lansir mai fure, da hantsi, kamar an yafa farin gyale ne a jikin jar katanga, ƙudan zuma da ƙananan ƙwari suna ta kai da kawowa. Furen yana farawa daga ƙasan reshe yana hawa sama, na ƙasa suna zama kwanso tun na sama ba su buɗe ba, har reshe ya zama kamar an jera masa 'yan kwabbai kore. Masu sana'ar fure a Turai da Amurka suna noma shi musamman domin waɗannan rassa, suna haɗa su cikin damin furen biki, ɗanye ko busasshe. Abin da ake jefa wa akuya a nan, can kuɗi ake sa wa a saya.

Ma'aikacin da ke son furen ƙawa sosai a ƙofar gidansa, kalandar lansir ita ce tasa. Alisam da kanditaf da fetuniya duk cikin Nuwamba ya kamata su shiga ƙasa a Zariya, su yi ado cikin Janairu da Fabrairu, Maris ya sallame su. Takardar irin da aka shigo da ita daga Turai za ta ce a shuka cikin Afrilu ko Mayu. Gaskiya ta faɗa, amma ga mutanen can, waɗanda Mayunsu ya yi daidai da Disambar Zariya.

ALGARIF

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a matsayin tashar gwaji cikin 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, ta fitar da ingantattun irin dawa da masara da gyaɗa da wake da auduga masu yawa, amma lansir ba ya cikin amfanin da aka ɗora mata. Kayan lambu na wata cibiya ce da aka kafa a Badun cikin 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Irin lansir da ake shukawa a Zariya yana hannun masu lambu da 'yan koli, daga hannu zuwa hannu, shekara zuwa shekara. Wanda ya dogara da na kasuwa bai san shekarunsa ba, bai kuma san ko don shuka aka ajiye shi ko don magani. Shi ya sa fid da iri a gida ba ƙaramin abu ba ne.

Daga shuka zuwa nunar iri wata uku ne zuwa huɗu. Ke nan kusurwar iri dole ta kasance daga shukar fari ta Nuwamba, domin ƙwaya ta cika kafin zafin Maris. Iri daga shukar Janairu yakan fito shafal, rabi ƙaiƙayi. Akwai kuma wani tarko. Mai lambu yakan yi sha'awar ya yanke kyawawan ya sayar ko ya ci, ya bar waɗanda suka riga suka fid da kai su zama iri, tun da ba su da sauran amfani. In aka yi haka shekara da shekaru, an zaɓi masu gaggawa ke nan, a ƙarshe a sami lansir da ba ya tsayawa ya yi ganye. Masu lafiya, masu faɗin ganye, waɗanda suka fi jinkirin fure, su ya kamata a bari, a kuma rage su har tsakaninsu ya kai taƙi.

Kowane kwanso ƙwaya biyu ke ciki, ja mai duhu. Su ne algarif. Masu magani suna ba da shi don tari da ciwon ciki da ƙarin ruwan nono, bincike kuma ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, kusan wani kashin kuma mai. Ganyen ma ba baya ba, giram 100 yana da bitamin C wajen miligiram 69, fiye da na lemon zaƙi. Yajin nan da ke hawa hanci wani sinadari ne da shukar ke kare kanta da shi daga ƙwari, ba ya tashi sai an yanka ko an tauna. Amma abinci daban, magani daban. Tun da daɗewa masu ilmin magani na ƙasashen da ake noma shi suke gargaɗin mace mai ciki da ta guji yawan shan ƙwayar, mai ciwon maƙoƙo kuma ya nemi shawarar likita, domin dangin kabeji suna iya tsananta shi in an yawaita.

Sa'ad da kwanson ƙasa ya zama ruwan ƙasa, na sama kuma ya fara rawaya, sai a daina ban-ruwa. Kada a jira duka su bushe a tsaye, kwanso yana fashewa da kansa, iri ya zube. A yanke karan da sassafe tun da sauran sanyi, a shanya a kan tabarma ko tsohon zane a inuwa mai iska har kwana huɗu ko biyar, a murje da hannu, a sheƙe a faifai. A zuba cikin busasshiyar kwalba mai murfi, a rubuta shekara a jiki, a ajiye can cikin ɗakin ƙasa inda zafin bazara da laimar damina ba su kai. Irin da aka adana haka yakan kai shekara huɗu ko biyar da ransa.

Cikin Oktoba, kafin a kafce fangali, a ƙirga ƙwaya 20 a shimfiɗa kan jiƙaƙƙen tsumma a cikin faranti, a rufe da wani farantin. Bayan kwana huɗu a buɗe. In 16 ko fiye sun fid da farar saiwa, irin yana nan da ƙarfinsa. In rabi ne, a ninka abin da za a yafa. In bai kai haka ba, a miƙa wa uwargida kwalbar ta sa a kunu, a nemi sabo wurin maƙwabci tun ɗari bai sauka ba.